Muryar Ƙetaren Kogi

Ranar Talata hadari ya haɗu a Nguru. Ina zaune a tasha, kusa da wani dattijo da wata tsohuwa mai kwandon kifi, suna jiran motar Gashua.

"Gonar shinkafar mahaifina zan je in sayar, Hajiya. 'Ya'yana ko hanyarta ba su sani ba."

"Jikokina ma a ɗaki suke girma, Malam. Mu kuwa a korar tsuntsaye muka tashi."

"Ni ma. In jan-baki suka taso, rana ɓacewa take yi. Ina da irin ihuna, har daga ƙetaren kogi ake amsa mini."

Tsohuwar ta ce, "Yi mu ji."

Ya dafe kunne, ya saki wata doguwar murya mai karyewa a ƙarshe. Tsohuwar ta ajiye kwandonta, ta amsa da irinta, siririya.

"Ke ce? Duk yarintata na ɗauka namiji ne."

"Ni kuma na ɗauka aljani ne. Gonar nan za ka sayar?"

Ya daɗe yana kallonta.

"Mai saye ya jira tukuna. In na tsaya a bakin ruwa gobe, za ki amsa?"

"In gwiwa ta kai ni."