Ruwan Suga a Jijiyar Manomin Rake

A ƙofar ɗakin waɗanda aka yi wa aiki, a wani asibiti a Makarfi, wata mata ta kasa zaune ta kasa tsaye. Wani dattijo da ke jinyar ƙaninsa ya tanka mata daga kan benci.

"Baiwar Allah, zauna mana. Jikin ne?"

"Baba, kashe min miji za su yi. Jiya aka yi masa aiki. Mai ciwon suga ne, amma ledar ƙarin ruwan da suka rataya masa, da na tambaya, wai ruwan suga ne!"

"Ba su haɗa masa 'yar na'urar nan mai tura insulin ba?"

"Tana nan, sai ƙyafta ido take yi."

"To ai shi ke nan. Haka aka yi wa ƙanina. Shanun huɗa ne, tare suke tafiya. Mutum bai fara cin abinci ba, ita kuwa na'urar janye suga take yi."

"Manomin rake ne fa, Baba! Shekara da shekaru ko gaɓa ɗaya ban bari ya sha ba, yana fushi ina shanyewa. Sai yau a ɗura masa ta jijiya?"

"In ruwan ya tsaya na'ura tana aiki, sugan faɗuwa zai yi. Sai gumi, sai barci, a ɗauka hutawa yake."

Ta tsaya cak.

"Barci na baro shi yana yi. Kafin in fito na murɗe ruwan, na tsayar da shi."

Dattijon bai gama laluben takalminsa ba, ta riga ta faɗa ɗakin.

"Sista! Sista!"