Tseren Lahadi a Gidan Dewey

A ɗakin jira na wani garejin taya a garin Wilkesboro, wani dattijo ya juyo wajen matar da ke gefensa.

"Kin ji ta'asar da aka yi? An sayar wa 'yan intanet tseren motoci. Tun ina saurayi nake gani a talabijin, yanzu wai sai da lambar sirri!"

"To Baba, ka daina kallo ke nan?"

"Wa? Gidan surukina Dewey nake zuwa. Ko man inji bai iya canzawa ba, kuma direban da na tsana shi ne gwaninsa."

"Kai, kana shan wahala! Abinci fa?"

"Haƙarƙarin da yake gasawa ba laifi. Ban dai gaya masa ba."

"Kawo wayarka in saka maka manhajar kallon tseren. Ka kalla a gida, ka huta da Dewey."

Dattijon ya tura wayar cikin aljihu.

"Bar ta, 'yar nan."

"Ba wuya fa."

"Ai na iya. Tun da matata ta rasu, yin kallo ni kaɗai ne ya gagare ni. In su Dewey suka ji na iya, wa zai kira ni ran Lahadi?"