Tayoyin Gidan Wanka

A ɗakin jira na asibitin ƙirji a birnin Marakish na ƙasar Maroko, Habiba na rungume da ɗanta mai tari. Wani dattijo da ba ta sani ba yana gefenta, shi ma yana nasa tarin.

"Hayaƙin gidan wankan unguwarmu ne ya ja masa, Baba. Ni na kai ƙara hukumar gari, jiya suka toshe bututun hayaƙin. Mugun nan tayoyi yake ƙonawa!"

"Allah ya ba shi lafiya, 'yata. Ni ne mugun, ni nake hura wutar."

Habiba ta gyara mayafi. "To... me ya hana ka sa itace?"

"Itace? Mai gidan wankan cewa yake ruwa ya yi zafi, ba ya cewa ga itace. Ba don Bu'azza mai faci ba, da tuni an kore ni. Mutumin kirki! Shi ke turo min tsofaffin tayoyi, ni kuma in dafa masa tukunyar nama cikin toka duk Juma'a. Kin san shi?"

"Na san shi," ta ce, murya can ƙasa. Mijinta ne, kuma ita ke haɗa tukunyar.

Washegari da safe ta koma hukumar, ta ce akwai sunan da ya kamata a ƙara cikin ƙarar: na mijinta.