Baƙon da Ke Cikin Wayar Hajiya Sakinatu

Da sunan Allah Mai rahama. Mai girma shugaban zama, Shehu Haliru. Limamanmu na unguwannin Kalakla da Alshajara. Iyayenmu mata da suka ƙetaro gada tun daga Omdurman. Da ku matasan layin baya da kuka sunkuyar da kai, ba don ladabi ba sai don waya: assalamu alaikum.

Ina godiya ga ƙungiya da ta ba ni wannan dama, ina kuma godiya ga Hajiya Sakinatu da ta yarje mini in ba da labarinta.

Magana ta farko, ya jama'a, mu mutane ne masu kunya. Kakanninmu sun bar mana gadon rashin ce wa baƙo a'a. To, yau baƙon yana cikin waya. Sai ya jero mana haruffan Larabci ƙanana kamar tururuwa, a ƙasa ya rubuta "muwafiƙ", wato na yarda, mu kuwa mu danna da sauri kada ya ce ba mu da tarbiyya. A garin nan da kowa ke rage murya don bango yana da kunne, mu ne muka sayo kunnen muka sa a aljihu.

Magana ta biyu ita ce ta Hajiya. Ɗanta Adamu, da ke aiki a Jidda, ya aiko mata da waya mai wani ɗan aike a ciki, wanda ke tuna mata lokacin magani. Mai shagon da ya saita mata wayar ya ce ta danna "na yarda", ta danna. Ba wanda ya gaya mata cewa ɗan aiken nan gulmamme ne, yana kai wa Adamu rahoton duk inda ta taka. Ita kuwa tana zuwa asibiti a unguwar Soba wankin ƙoda a ɓoye, don ta san halin ɗanta: in ya ji, zai bar aikin da ke riƙe da gidan ya taho. Haka kuwa aka yi. Wata safiya ta dawo a raksha, wato adaidaita-sahu, sai ga Adamu a bakin ƙofa da jakarsa, ya ajiye aiki.

Wallahi abin ya ba ni tausayi, domin ba mugu a cikinsu. Ɗa ya yi don ƙauna, uwa ta ɓoye don ƙauna, na'ura ta yi abin da aka sa ta. Amma yardar da ba a san abin da ke cikinta ba, ai danna ce kawai.

Ta uku, roƙo ne. Kada wanda ya ƙara sa wa tsohuwa ko tsoho irin wannan abu sai ya zauna ya faɗa da Hausa: me zai gani, wa zai gaya wa, yaya ake korarsa. In an ce a'a, a haƙura. Tambaya ba ta rage zumunci.

Ranar da Adamu ya dawo, Hajiya ba ta yi wa ɗanta faɗa ba. Ta dube shi ta ce: "Adamu, da ka tambaye ni, da wataƙila na gaya maka. Ciwon nawa ne, ya kamata ka ji shi daga bakina."

Allah Ya ba ta lafiya, Ya buɗa wa Adamu wata ƙofa, Ya rufa mana asiri, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.