Gilashin da Ya Saki a Idon Tela

Mai girma shugaban taro, shugabar asibitin ido, likitoci da ma'aikatan jinya, 'yan'uwana da aka yi wa aikin ido, iyaye mata, dattawa, da duk wanda ya bar sana'arsa ya zo, assalamu alaikum.

Ina godiya ga waɗanda suka kawo wannan na'ura ta duba cikin ido, ina godiya kuma da aka zaɓi tela ya yi magana a madadin marasa lafiya. An ce in nuna murna, kuma ina murnar, sai dai tawa ta zo da ciwo, ba zan ɓoye muku ba.

Da farko, ku ji abin da ya same ni. Da aka cire mini yanar ido, an sa mini ɗan gilashin roba a cikin idon dama, kuma shi kaɗai gare ni, don na hagun ya mutu tun ina yaro. Na yi shekaru ina gani tar, sai gilashin ya saki ta gefe guda, ya koma kamar ƙofar da ƙusa ɗaya ta riƙe. In na sunkuya a kan keke, ya dawo mazauninsa, in zura zare ba kuskure. In na ɗaga kai, ya kauce, mutum ya zama inuwa. Likita ta haska, ta sake haskawa, amma ƙwayar idona ta ƙi buɗewa ko an ɗiga magani, ba ta iya hango bayanta ba.

Na biyu, ku ji abin da na rasa. Ina da amini, mai gyaran rediyo, tare muka yi ƙuruciya, shagonsa yana tsallaken titi. Kullum da safe yakan ɗago mini hannu daga can. Ya yi ta ɗagowa ba na amsawa, alhali yana kallona ina ta ɗinki. Ranar da ya tsallako, na rantse masa ba na ganinsa. Ya ce, "Tela, kana ganin kafar allura, amma ba ka ganin ƙato kamata? In laifi na yi maka, ka faɗa mini." Ba ni da abin nuna masa. Ko a gidana jikoki tsokanata suke yi, wai Kaka yana ganin kwano amma ba ya ganin wanda ya kawo shi. Daga ranar, gaisuwarmu ta koma sama-sama.

Da na'urar nan ta iso, ina cikin waɗanda aka fara dubawa. 'Yar'uwar wadda ake duba masu ciki da ita ce, har na roƙi likita kada ta ce tagwaye ne. Sauti ya shiga idon, ya dawo da hoto, sai ga gilashin a karkace, kowa yana gani. Likita ta ce, "Baba, gaskiyarka ce." Wallahi ba gyaran ne ya fara zuwa raina ba, so na yi in ɗauki hoton nan in tsallaka titi. Amma Allah ya karɓi aminina kafin na'urar ta sauka, ya tafi yana zaton na juya masa baya. Yanzu an gyara mini ido, ina hango tsallaken titi sarai, kuma abin da nake hangowa kullum shago ne a rufe.

Na uku, roƙo ne. Likitoci, don Allah kada a lulluɓe na'urar nan a ɗaki ana jiran manyan baƙi. Jama'a, in wanda aka yi wa aiki ya ce yana gani yanzu, anjima ba ya gani, kada ku ce rigima ce, kada ku ce tsufa ne, ku kawo shi a duba.

Allah ya saka wa waɗanda suka kawo ta da alheri, ya ƙarfafa hannun likitocinmu, ya mai da kowa gida lafiya. Allah ya jiƙan mai gyaran rediyo, ya sanar da shi abin da ban samu na nuna masa ba.

Na gode.