Rediyon Malam Labaran a Cikin Kwano

A rumfar wani mai gyaran rediyo a Babbar Kasuwar Kaduna, Malam Labaran, akawu daga Badarawa, yana zaune bisa benci, rungume da kwano cike da wayoyi da kusoshi. Wani dattijo da ke jira a gefensa ya leƙa ciki.

"Malam, gobara aka yi?"

"Karatu aka yi, Alhaji. Rediyona ne."

"Karatu kuma?"

"Aikin 'yata Turai ne. A makarantarsu, duk ranar Laraba yara ke zaɓar abin da za su bincika, malami sai kallo. Ita ta zaɓi sanin ta inda murya ke shiga rediyo."

"To, ta gano?"

"Ta gano yadda ake kwancewa. Mayarwa kam, ba ta zaɓa ba tukuna."

"Subhanallahi! Da ni ne, ba ta sake taka makarantar nan ba. Yanzu labarai fa?"

"Na maƙwabci nake ji, ta katanga."

"Kai kana ina ta yi wannan ɓarna?"

Malam Labaran ya gyara riƙon kwanon.

"Ni ke miƙa mata sukudireba. Mako mai zuwa agogon bango ne. Ni ma ban taɓa ganin cikinsa ba."