Kurɓin da Nicanor Bai Haɗiye Ba

Mai girma shugaban ƙaramar hukumarmu, Fada Anselmo da ya ja mu addu'a, shugabannin ƙungiyarmu ta manoman inabi, Dona Herminia matar marigayi, ɗansa Ramiro, 'yan uwa da maƙwabta, sannunku da zuwa, sannunmu kuma da haƙuri.

An zaɓe ni in yi magana don na fi kowa daɗewa da Nicanor Lucero. Gaskiya ne. Na kuma fi kowa faɗa da shi, shi ya sa yau bakina ya yi nauyi.

Ya kasance mai ɗanɗana mana giya. Duk inabin da muka tsinka a nan San Rafael, sai ruwansa ya bi ta bakinsa kafin ya shiga kwalba. Ya kasance mai wuyar sha'ani, safiyar ɗanɗano ba ya shan gahawa, mai taba kuwa ko inuwarsa ba ya so. Dona Herminia, ke kika fi mu sani, ke da kika haƙura da turare tun kina amarya don kada ƙanshi ya rikita masa hanci. Sai ya tura hanci a kofi, ya kurɓa, ya juya a baki ido rufe, sannan ya tofar a bokiti. Mu kuma muna tsaye jugum kamar masu jiran likita.

Na taɓa tsokanarsa da cewa asararre ne, ya kai abu baki ya zubar. Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Casimiro, kai maƙogwaronka bututu ne, abin da ya wuce ba ka san ko mene ne ba." Shi a kurɓi ɗaya yake jin gonar wane ce, ya gane wanda ya yi zarin ban ruwa, da wanda ya yi gaggawar tsinka.

Ya kasance ba ya jin kunyar kowa a kan aiki. Shekarar da ƙanƙara ta yi mana ɓarna ya ƙi inabina a gaban mutane, na daina gaishe shi har bikin Ista. Amma saboda taurin kan nan nasa sunan ƙungiyarmu bai taɓa zubewa a kasuwa ba, da shi muka ciyar da iyalanmu.

Ramiro, ɗago kanka. Ni na riƙe ka ranar baftismarka, ina da bakin magana. Ba wanda bai san ƙofar shagon giyar da ake kwaso ka a buge ba, kuma ba don in tozarta ka na faɗa ba. Wannan ne ciwon mahaifinka tun kafin ciwon ajali. Yakan ce shi ya fara miƙa maka kofi don ya koya maka ɗanɗano, kai kuma ka koyi shanyewa. Har ya mutu kansa yake zargi.

A asibiti ya ba ni saƙo, ya ce a gaban jama'a zan faɗa. Tun bara ciwo ya ɗauke masa jin ƙanshi, ko albasa ba ya ji, bai gaya wa kowa ba. Giyar bara da muka yi ta yabo, ba shi ya zaɓi gangunan da aka haɗa ba. Kulle ƙofa ya yi, ya sa ɗansa a gaba.

Ya riƙe hannuna ya ce, "Tun safe har rana tsaka yana ɗanɗanawa, Casimiro, bai haɗiye ko ɗigo ba. Idona na kan wuyansa. Harshen yaron nan ya fi nawa." Yana faɗa yana kuka, ni ma na kasa daurewa.

To ga lokacin tsinkar inabi ya ƙarato, watan Maris na bakin ƙofa. Shugabanni sun zauna, sun yarda aikin mahaifinka naka ne, in za ka iya abin da ka yi a gabansa. In ka ƙi, za mu ɗauko wani daga birni, wannan ba komai ba ne. Abin da ba za mu iya ba shi ne mu sake taruwa mu yi wa mahaifiyarka irin wannan zama saboda kai.

Dona Herminia, ba mu da abin biyan ki. Mun gode wa Fada, mun gode wa duk wanda ya baro gonarsa ya zo.

Ya Ubangiji, ka jiƙan bawanka Nicanor, ka yafe masa zafin bakinsa, ka ba shi hutu. Uban ka riga ka karɓa, ba mu ja da kai ba. Ɗan kuwa, ka bar mana shi. Amin.